Katin Kirsimeti na Hannu da Gaisuwar da Ta Rasa Suna

Daga daren 24 ga Disamba har zuwa wayewar garin 26, waya ba ta hutawa. Hoton kyandir, hoton ƙararrawa, hoton bishiya mai fitilu, ga wani tsoho mai farin gemu da jar hula yana tiƙar rawa. Hoto ɗaya sai ya shigo maka ta hannun mutane barkatai, kuma in ka duba ƙasansa da kyau sai ka ga tambarin wani banki, ko fuskar wani mai neman kansila da ba ka taɓa jin sunansa ba. Wanda ya turo bai karanta ba, kai ma ba karantawa za ka yi ba. Ka mayar masa da hoton hannu biyu a haɗe, ka goge don kada ya cinye maka wuri a waya. Shi ke nan, wai an gaisa. Haka ake yi da ƙaramar Sallah da babba, haka ake yi kowace Juma'a da kowace Lahadi, saboda haka kada wani ɓangare ya yi wa wani dariya.

Ni dai ra'ayina a fili yake. Katin da mutum ya zauna ya yanka da almakashi, ya manna masa guntuwar takarda mai zane, ya ɗaura masa ribon, ya rubuta sunan mutum ɗaya a ciki, ya fi waɗannan hotuna duka daraja, ko da cikin minti ashirin aka gama shi, ko da gefensa ya ɗan karkace. Ba wai ya fi su kyau ba ne, sau da yawa ma bai kai su ba. Abin da ya ɗaga shi shi ne ba ya turuwa gaba. In domin Ladi aka yi shi, misali, to in ba Ladi ba babu wanda zai yi wa amfani.

Amma kafin masu kukan zamani ya lalace su ɗauke ni nasu, ya kamata su san cewa shi kansa katin shago da suke kewa dabarar mai sauri ce. A shekarar 1840 aka sauke kuɗin aika wasiƙa a Ingila, ya koma kwabo ɗaya zuwa ko'ina a cikin ƙasar, sai wasiƙu suka yi ambaliya. Akwai wani ma'aikacin gwamnati mai suna Henry Cole, wanda da shi aka yi aikin wannan gyara na gidan waya, kuma shi ne daga baya ya fara shugabantar gidan tarihin da yau ake kira Victoria and Albert a Landan. Ana ba da labarin cewa gaisuwar ƙarshen shekara ta taru ta yi masa yawa, ga shi a al'adarsu abin kunya ne a rubuto maka ka yi shiru. A 1843 sai ya sa wani mai zane, John Callcott Horsley, ya zana masa hoto. Aka buga guda 1,000, aka shafa musu launi da hannu, aka sa na sayarwa a kasuwa a kan sule ɗaya kowanne. Dattawan da suka yi zamani da sule da sisi da taro sun san sule kwabo 12 ne, wato kuɗin kati ɗaya ya isa ya aika wasiƙa 12. Ba abin talaka ba ne.

A tsakiyar hoton iyali ne, kakanni da iyaye da jikoki, suna ɗaga kofunan giya, har ana ba wani ɗan ƙaramin yaro yana kurɓa, abin da ya jawo masa suka daga masu yaƙi da shan barasa. A gefe ɗaya ana ciyar da mayunwata, a ɗaya gefen ana tufatar da marasa sutura. Zan dawo kan waɗannan gefuna. Abin da nake so a lura da shi tukuna shi ne gurbi biyu da aka bari babu komai: ɗaya a sama domin sunan wanda za a aika wa, ɗaya a ƙasa domin sunan mai aikawa. Mutumin da ya ƙago gajeriyar hanya bai yarda ya gajarta ta har ta tsallake suna ba. Mu ne muka ƙarasa masa aikin. Mun cire sunan wanda ake gaisarwa, mun cire na mai gaisuwar, muna watsa gaisuwa kamar mai watsa wa kaji tsaba, wadda ta tsinta ta tsinta.

Daga Ingila abin ya haura Amurka, inda wani maɗabi'i ɗan asalin Jamus, Louis Prang, ya fara sayar da nasa katunan a 1875 daga yankin Boston. Ita kuwa takardar naɗe kyauta mai zane-zane, wadda ita ce uwar aikin da nake magana a kai, kusan a bisa tsautsayi ta shigo kasuwa. Kamar yadda kamfanin Hallmark ke ba da tarihinsa, a Kirsimetin 1917 takardar naɗi marar ado ta ƙare a shagon 'yan'uwan nan masu suna Hall a Kansas City, sai suka fito da wata takarda mai ado ta Faransa da ake shimfiɗawa a cikin ambulan, suka sa a kan kanta, mutane suka wawashe. Ka ga ke nan tun asali aiki ne na yi da abin da ya samu.

Na san akwai mai cewa duk wannan al'adar Turawa ce, me ya haɗa mu da ita. Duk wanda ya girma da rediyo a ƙasar Hausa ya san amsar. Mutane nawa ne suka riƙa cire kuɗin aljihunsu suna sayen katin Zaɓi Sonka, su zauna su jera sunaye, na Funtuwa da na Maraɗi da na Kumasi, su aika gidan rediyon Kaduna, sannan su kasa kunne su ji an karanto? Ba waƙar da za a sa ce ta dame su ba. Daɗin abin shi ne a ambaci sunan wane, a ce wane ne ke gaishe shi. Mutumin da ke tsayawa a bakin hanya ya tambayi kwana da gajiya da iyali da sanyi, ɗaya bayan ɗaya, ba Bature ne zai koya masa darajar gaisuwa ba. Mu Kirista kuma muna da abin dubawa a cikin Littafi Mai Tsarki. Wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, bayan duk zurfin koyarwar da ke cikinta, ta ƙare ne da jerin gaisuwa ga mutum fiye da ashirin, kowa da sunansa, da yawansu har da abin da ya tuna game da su. Magatakarda ne ya rubuta masa waccan wasiƙa, amma a ƙarshen wasu wasiƙun, irin ta Galatiyawa, yakan karɓi alƙalamin ya ƙarasa da hannunsa, har ya ja hankalin masu karatu su lura da rubutun. Mutum ne mai tafiye-tafiye da ɗawainiya iri-iri, duk da haka ya san akwai abin da ba a wakilta wani ya yi maka.

To, yaya ake yin katin? Bari in faɗa dalla-dalla, domin yawancin masu cewa ba su iya ba, ba su taɓa ganin yadda abin yake da sauƙi ba ne.

Kayan aikin ba su da yawa: kwali mai ɗan kauri irin wanda 'yan makaranta ke saya a shagon littattafai, farar takarda mai ɗan ƙwari, guntuwar takarda mai zane, ribon da bai fi faɗin ɗan yatsa ba, almakashi, rula, gam da biro. Idan kwalin girman A4 ne, wato santimita 21 da 29.7, ka yanka shi gida biyu daidai, ka sami na kati biyu ke nan. Kowane rabi in ka ninke shi zai ba ka kati mai santimita 10.5 da 14.8, wanda zai shiga ƙaramin ambulan mai lamba C6 ba tare da kokawa ba. Kafin ka ninke, ɗora rula a tsakiya, ka ja layi da biron da tawadarsa ta ƙare, kana ɗan dannawa. Kwalin zai kwanta a kan layin sumul, ba zai tsattsage ba. Wannan ɗan abin da ba ya cin daƙiƙa goma shi ke bambanta katin da aka yi da natsuwa da wanda aka yi da garaje.

Daga nan sai ka yanko wata farar takarda mai ɗan ƙwari, wadda ta gaza fuskar katin da kamar rabin santimita a tsaye da a kwance. A kanta za ka yi adon, ba a kan katin kai tsaye ba. Manna takarda mai zanen daga ƙasa, ta rufe kamar kashi biyu cikin uku, ka bar saman fari. Inda mai zanen ta ƙare, nan ribon zai kwanta. Ja shi ya ratsa daga gefe zuwa gefe, ka lanƙwasa bakunansa biyu zuwa baya ka manne su a can, sannan ka ɗauki takardar gaba ɗaya ka manna a fuskar katin. Bakunan sun ɓuya, siririn gefen kwalin yana leƙowa ta ko'ina, duk wata karkatar almakashi kuma ta shige ƙarƙashin ribon. Aikinsa na gaskiya ke nan, ado ne amma kuma mai rufin asiri ne. Sai ka yanko wani ɗan guntun ribon ka zura ta ƙarƙashin na farko ka ƙulla. Ƙulli ɗaya ya isa. Masu son su yi masa kunnuwa manya-manya su sani tudun da zai yi shi ke yaga ambulan. Yanke bakunan a karkace, in kuma ribon ɗin na roba ne mai warwarewa, a ɗan nuna wa bakin wutar ashana ya ƙame. Aikin wutar nan na manya ne, ba na yara ba.

Gam shi ne inda aka fi yin ɓarna. Mai ruwa-ruwa in ya yi yawa sai takarda ta kumbura ta yi tudu da kwari, kuma ba ta komawa. A shafa kaɗan a gefe-gefe, ko a nemi na sanda wanda ake murzawa. A tuna kuma lokacin hunturu ne, iska a bushe take, gam ba ya jira. Daidaita takardar a inda za ta zauna tun kafin ka shafa, in ka manna ka ɗora littafi mai nauyi a kai na 'yan mintoci. A farin da ka bari a sama ka rubuta Barka da Kirsimeti da hannunka, ka tsaya nan. In zanen takardar mai hayaniya ne, kada ka ƙara masa wani zanen, ido zai rasa inda zai sauka. Garin ƙyalƙyali kuma a haƙura da shi: yana shiga idon yara, yana faɗawa cikin abinci, kuma ɓarɓashin roba ne da ba ya ruɓewa, shi ya sa a 2020 manyan kantuna a Birtaniya irin su Morrisons da Waitrose da John Lewis suka sanar da cire shi daga kayan Kirsimetin da suke yi da sunansu. Wanda zai yi kati goma, ya yi yankan duka a zama ɗaya, ninkin duka a zama ɗaya, sannan manni. Kafin shinkafa ta nuna an gama.

Takarda mai zanen ma ba sai an saya ba. Akwai takardar da aka naɗo kyautar bikin da ya wuce, akwai ambulan ɗin katin gayyata da ke jibge a durowa, akwai jakar takarda da aka zubo turare a ciki. Wanda ya fi duka a wurina shi ne ƙyallen atamfa. A watan Disamba ƙasan shagon kowane tela cike yake da guntayen ankon iyalai da na zumuntar mata, sharewa ake yi a zubar. Roƙi tela ya tara maka, ka goge ƙyallen da dutsen guga, ka yanka ka manna kamar takarda. Katin da ke ɗauke da atamfar da gidanku suka ɗinka bana ya riga ya faɗi daga inda ya fito tun ba a buɗe shi ba. Gargaɗi ɗaya dai: kalandu da jaridu da ƙananan littattafai a ƙasar nan da yawa suna ɗauke da ayoyi, na Alƙur'ani ko na Littafi Mai Tsarki. A duba gaba da baya kafin a sa almakashi. Takardar da ke da nassi a jikinta ba ta yanka ba ce.

Wannan ya kawo ni kan wani abu da ya daɗe yana ba ni mamaki. Katunan da ake shigo mana da su cike suke da dusar ƙanƙara, da barewa mai jan keke a kan ƙanƙara, da gida mai bututun hayaƙi. Yaron Kafanchan ko na Zuru ko na Biliri, me ya sani a ciki? Disambarmu hazo ne da ƙura, da leɓe mai tsagewa, da man kaɗanya, da rumbu cike bayan kaka, da jin ɗumi a bakin wuta da asuba. Mutanen Wusasa da ke Zariya, lokacin da suka tashi gina cocin St. Bartholomew a 1929, da ƙasa suka gina shi, ginin Hausa sak, kuma yana nan tsaye. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa. In kakanninmu sun iya yin sujada a cikin ginin ƙasarsu da harshen ƙasarsu, ban ga dalilin da zai sa jikokinsu su kasa gaisawa sai da ƙanƙarar wasu ba. Shuɗin marina, zanen ƙwarya, dagi, saƙar tabarma, duk ado ne da ya isa ya hau fuskar kati.

Duk wannan bayan katin ne. Cikinsa shi ne maganar, kuma nan ne aka fi yin ha'inci. Sai mutum ya ɓata lokaci ya ƙawata waje, ya buɗe ciki ya kwafo wani dogon Turanci daga intanet wanda shi kansa ba haka yake magana ba. In haka za a yi, gara a tura hoton kyandir ɗin a huta. Layi uku sun isa, amma su kasance layukan da mutum ɗaya kaɗai za a iya rubuta wa. Ga gwauruwar da ke bencin bayanku a coci: "Mama, bana ce Kirsimeti ta farko da babu Baba. Ban manta yadda yake tsare mu a bakin ƙofa yana tambayar sakamakon jarrabawa ba. Allah ya ƙara miki haƙuri." Ga mai gadin layinku: "Baba, mun gode da buɗe mana ƙofa cikin dare ba tare da ka taɓa ɓata rai ba. Allah ya saka da alheri." Da Hausa, ko da Tyap, ko da Tangale, ko da Bura, duk harshen da kuke gaisawa da shi in kun haɗu. Rubutunka ba shi da kyau? Naka ne dai, kuma shi ake so a gani. Gwada a wata takarda tukuna, saboda kada kuskure ya sa ka yaga aikin da ka gama.

Ka lura da waɗanda na zaɓa a misalin. Da gangan ne. Kyautar ƙarshen shekara a ƙasar nan sama take hawa. Kwandon kaya na ɗaure da ribon yana tafiya gidan darakta, gidan kwamishina, gidan mai ba da kwangila, wurin mutanen da ba su ma san adadin abin da aka kawo musu ba. Wannan ba gaisuwa ba ce, ajiya ce ake yi domin a zo a karɓa a watan Janairu. Katin hannu ba shi da amfani a wannan kasuwa, kuma wannan na cikin abin da ya sa nake son sa. Wurinsa shi ne hannun malamar firamaren da ta koya maka haɗa baƙi ta yi ritaya, da mai jinyar da zai yi bikin a gadon asibiti, da nas ɗin da ke aikin dare ranar, da ɗan'uwan da kuka yi shekara ba ku ga maciji, wanda kiran waya ya yi maka nauyi amma layi uku ba za su gagare ka ba.

Akwai suka mai ƙarfi da ban isa in kauce mata ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda kuɗin mota da na abinci suka koma. Mai suka zai ce: mutane na neman mudun shinkafa, kai kana maganar takarda da ribon? Yana da gaskiya har zuwa wani wuri. Wanda yake da hali, ya san maƙwabciyarsa ba ta ɗora tukunya ba, ya aika mata da kati kawai komai kyansa, ya yi mata ba'a ne. A nan ne gefuna biyun katin Horsley suke da magana: tun a katin farko an ajiye ciyarwa da tufatarwa dama da hagu da shagalin. Kati ya hau kan murfin kwano, kada ya maye gurbin kwanon. Amma a juya maganar ta ɗaya fuskar. Wanda ba shi da abin bayarwa fa? Ɗalibi, da mai neman aiki, da wanda albashinsa ya ƙare tun ranar goma ga wata, su ma suna da mutanen da suke so su girmama, kuma babu abin da ke karya zuciya a lokacin biki kamar a ce kullum kai ne mai karɓa. Kwali ɗaya da ƙyallen tela sun ba shi damar ya shiga gidan mutane da wani abu a hannu. Katin farko na hukumar UNICEF, wanda ya fito a 1949, zanen wata yarinya ce 'yar shekara bakwai daga ƙasar Cekoslobakiya, Jitka Samková, wadda ta yi shi domin godiya kan taimakon da aka kai wa yaran ƙauyensu bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ba ta da abin da za ta biya da shi, sai ta yi zane.

Sai maganar maƙwabta, wadda ita ce mai wuyar. Waɗanda suka san Kaduna kafin rikicin Fabrairun 2000 da na Nuwamban 2002 suna tuna lokacin da langar shinkafa da miya da cincin ke tsallaka katanga ranar Kirsimeti, naman layya ya biyo hanyar ya dawo ranar Sallah. Gidajen Kirista da yawa Musulmin maƙwabci suke kira ya yanka musu kaza ko akuya, domin kowa ya ci hankali kwance. Bayan rikice-rikicen mutane suka yi ta ƙaura, kogin Kaduna ya zama iyaka, yawancin Kirista suka tattara a su Sabon Tasha da Narayi da Television, yawancin Musulmi a su Tudun Wada da Rigasa da Kawo. Jos ma tun Satumban 2001 ta ga irin wannan rabuwa. Yau akwai samari da 'yan mata da suka girma ba su taɓa ɗaukar kwano sun yi sallama a gidan wanda ba addininsu ɗaya ba. Hoton waya ba zai gyara wannan ba, domin ba ya buƙatar kowa ya tsallaka gada. Kati kuwa sai an kai shi, kuma zumunta a ƙafa take.

Sai dai a yi da hankali. Malaman Musulunci sun saɓa a kan taya Kirista murnar wannan rana, wasu sun hana, wasu sun ga halas ne a matsayin kyautata maƙwabtaka. Ba hurumina ba ne in raba musu gardama, kuma ba daidai ba ne Kirista ya mayar da katinsa tarkon gwada wa ke son sa. In za ka kai wa maƙwabcinka Musulmi, kada ka cusa wa'azi a ciki, kada ka manna hoton da ka san ba zai so ya ajiye a ɗakinsa ba. Rubuta masa godiya a kan zaman shekara: ruwan da kuka ɗiba a rijiyarsa, daren da ya fito da motarsa ya kai matarka asibiti. In ya karɓa ya ce Allah ya bar zumunci, bai ƙara komai ba, ya wadatar, kada ka tsaya jiran wata kalma. Mai karatu Musulmi kuma, almakashin nan da ribon ɗin ba su da addini. Yadda aka yi na Kirsimeti haka ake yin na barka da Sallah, da na barka da haihuwa, da na sannu da jiki.

Wani abin da ke iya kashe wannan aiki shi ne a mayar da shi gasa. A ƙasashen Turai da Amurka haɗa kati ya zama babbar kasuwa, da injinan yanka irin su Cricut, da hatimai, da tawada kala-kala, har mutum ya kashe kuɗin da ya fi na katin shago ninki ba adadi. Ya fara shigo mana ta bidiyoyin YouTube da Instagram. Ba na hana mai sha'awa sha'awarsa, kuma wadda ta mayar da abin sana'a tana sayarwa Allah ya ba da kasuwa. Amma katin da aka yi domin a ɗauki hotonsa a ɗora a sami yabo, an riga an karɓi ladansa a wurin 'yan kallo, wanda aka rubuta sunansa a ciki ya zama ɗan rakiya. Shi ya sa ban ɗauki saurin yin katin a matsayin aibi ba. Mai sauƙi, wanda za a gama a zama ɗaya, shi ne wanda za a yi da gaske. Mai wahalar yana nan a cikin niyya har Janairu ta wuce.

A sa yara a ciki. Suna hutu, suna kwance da waya tun safe. Da can akwai darasin aikin hannu a firamare, yaro ya saƙa igiya ko faifai ko ya ɗaure tsintsiya da kansa. Yanzu a makarantu da yawa tsintsiyar kasuwa ake sayowa a miƙa, wani wurin ma kuɗi ake karɓa a ba da maki, mu iyaye kuma mu biya muna murna an rage mana wahala. Mun koya wa yaro cewa duk abin da hannu zai yi, aljihu zai iya yi a madadinsa. Zaman awa ɗaya a kan tabarma da almakashi zai rage wani abu daga wannan. Kada a karɓe aikin daga hannunsa don ya karkace, kada a gyara masa rubutu. A tambaye shi kawai: wa kake so ka ba, kuma me ya taɓa yi maka? Amsar da zai bayar ita za a rubuta.

Mai karatu, ba na ce ka daina tura saƙon waya ba, wanda ke Legas ko Landan ko bakin daga ba shi da wata hanyar jin ka. Amma a cikin garin da kake akwai mutum uku da ƙafarka za ta iya kaiwa gare su. Rubuta sunayensu yau, ka biya ta shagon tela gobe, ka kai musu kafin ranar 24 ga Disamba, domin ranar bikin kowa yana coci ko yana bakin murhu, ba za ka sami zaman gaisawa ba.